Ƙofofin Ganyen Gero

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo daga Katsina da azahar. A mota, da muka wuce Mashi, matata Madina ta taɓa ni ta nuna mini wata gona ta taga, ta ce in dubi yadda ganyen geron nan ya yi duhu, ya sha ruwa. Na ce ƙwarai. Hoton idonta da likita ya ba mu yana cikin babban ambulan a kan cinyata, na danne shi da hannu biyu har muka iso Daura.

Ya ce ranar ashirin da bakwai mu kasance a Kano, za a yi mata tiyata.

Shekara da shekaru ina koyar da Hausa a sakandare, duk ƙarshen zango ina sa yara su rubuta abin da ya same su a hutu, ni ban taɓa rubuta nawa ba. Yau na sayi wannan littafi a shagon bakin layi. Ban san wa zan gaya wa ba, shi ya sa.

Da muka shigo gida ta cire hijabi, ta ɗauki 'yarmu Zulfa ta juya da ita, ta tambaye ta ko ta ci abinci a gidan maƙwabta. Sannan ta ce da ni, "Malam, gobe da safe ka taya ni fito da tebur tsakar gida. Akwai aiki."

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Aikin shi ne na digirinta na biyu. Ilimin tsirrai take koyarwa a kwaleji, kuma tun bara take yawo gonakin Mai'adua da Dutsi tana karɓar ganyen gero daga manoman da har yanzu suke shuka irin kakanninsu. A bayan kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan shuka take numfashi, ta nan kuma ruwan jikinta yake fita. So take ta gano ko tsohon iri yana jure fari ne saboda ƙofofinsa ba su da yawa.

Na sha jin wannan bayani, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba. Man farce mai garai-garai take shafawa a bayan ganye, ta bari ya bushe, ta manna salatif ta ɗago, sai hoton fatar ganyen ya biyo salatif ɗin, ta liƙa a gilashi. Tana da gilasan nan cike da gwangwanin biskit biyu, kowanne da sunan gona. Shugaban sashensu ya yarda ta zo gida da tsohon madubin likita na kwalejin, irin mai kama hasken rana da ɗan madubi a ƙasa, don haka ba ruwanta da wuta.

Tun tana ɗaliba da idon hagu take leƙawa, na dama yana kan takarda, hannu yana rubutu. Yau ma haka ta sunkuya. Ta daɗe. Ta murɗa, ta sake murɗawa, ta goge gilashin da gefen ɗankwalinta. Sai ta gyara kujera ta koma leƙawa da na dama.

Na ce zan je in sayo gawayi. Muna da gawayi.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Ba mu yi maganar ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan azahar

Na dama ba ya jimrewa. In ta ƙirga gilashi biyu sai kan ya fara sara, ta rufe ido ta jingina da bango. Likita ma dama ya hana. Na ce ta bari har mu dawo daga Kano. Ta ce, "In mun dawo ban san da me zan dawo ba. Zo ka zauna."

Na zauna. Na leƙa, ban ga komai ba sai gashin idona. Ta kama hannuna ta ɗora a kan abin murɗawa, ta ce a hankali, kamar mai neman tasha a rediyo. Sai hazo ya waye. Ga su nan a jere, sahu-sahu kamar masallata, kowace da leɓɓa biyu a rufe. Ganyen da nake tsinka in yar tun ina yaro a gonar mahaifina. Na ce Subhanallah, ta yi dariya ta ce ita ma abin da ta fara faɗa ke nan.

A cikin gilashin da ake leƙawa akwai zanen akwati mai kusurwa huɗu. Abin da ya faɗo cikin akwatin kawai ake ƙirgawa. Na ƙirga shida. Ta leƙa sau ɗaya da sauri ta ce shida ne. Ta rubuta, ta ce daga yau na zama ɗan ƙwadagonta, ladana tuwo.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Jiya ta kwanta da wuri, sai na ce bari in rage mata aiki. Ta riga ta gaya mini kowane gefe na akwatin nan maikiromita ɗari biyu da hamsin ne, kuma maikiromita dubu ne suke yin milimita ɗaya. Na ninka gefe da gefe na sami murabba'in maikiromita dubu sittin da biyu da ɗari biyar. Sakamakon a murabba'in milimita ake so, don haka na raba da dubu, na rubuta 62.5, na ja layi a ƙarƙashi yadda nake yi wa yara.

Yau da safe ta duba, ta matso da takardar kusa da fuskarta, ta ce, "Malam, nuna mini farcen ɗan yatsanka." Na nuna. Ta ce, "Abin da ka rubuta ya kai girman wannan farce. Akwatin da ƙwayar yashi take rufewa."

Na ce ai ita ta ce dubu.

Ta ce, "Dubu a tsawo. Fili ɗari-da-ɗari, filaye hamsin-da-hamsin nawa za a yanka a ciki?"

Na ce biyu. Ta dube ni. Na ce huɗu.

"To. Biyu a tsaye, biyu a kwance. Nan kuma dubu a tsaye, dubu a kwance. Miliyan. In ka sauya ma'aunin tsawo sau ɗaya za ka raba, in na faɗin wuri ne sau biyu." Ta karɓi biro ta rubuta 0.0625 ba tare da ta duba kalkuleta ba. Sannan ta nuna mini hanya mai sauƙi: gefen akwatin rubu'in milimita ne, huɗu a tsaye huɗu a kwance, akwati goma sha shida ke nan suke cika murabba'in milimita ɗaya. Ƙofa shida a akwati, casa'in da shida a murabba'i.

Ba ta sa na ji kunya ba. Na san malamai da yawa, ni ma malami ne, na san wuyar wannan. Ta bar ni na gano huɗun da kaina, sannan ta ci gaba kamar dama na sani. Ashe haka ɗalibanta suke sha kullum, ni ina gida ɗaya da ita ban sani ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Hajiya, mahaifiyar Madina, ta iso daga Dutsi da jakarta da ƙullin kuka da daddawa. Za ta zauna har mu je mu dawo. Mun gaisa na durƙusa, ta yi mini sannu da ɗawainiya. Da idonta ya faɗa kan madubin sai fuskarta ta canja. Ta ce wannan abu shi ya ja, mutum ya yi ta ƙura wa rana ido ta cikin ƙarfe shekara da shekaru. Ta lulluɓe shi da zane ta sa na ɗora a kan kabad.

Madina ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Hajiya."

Ni kam na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Bayan karin kumallo Madina ta ce, "Hajiya, kafin a mayar da shi kwaleji, zo ki ga zaren mayafinki." Ta sa na sauko da shi, ta zare zare ɗaya daga gefen mayafin ta ɗora a gilashi. Hajiya ta ce ita ba ta son shirme, amma ta zo. Ta leƙa, ta ɗago ta dubi mayafin, ta sake leƙawa. Ta ce wannan ai igiyar guga ce.

Sai Madina ta zame zaren ta saka gilashin ganye. Hajiya ta daɗe a sunkuye, hannunta ɗaya a ƙugu. Ta tambaya menene waɗannan. Aka gaya mata. Ta ce shekara arba'in tana surfen gero ba ta san yana da baki ba.

Madina ta ce, "Hajiya, likita ya ce ba wannan ba ne ya ja. Na tambaye shi don na san za ki tambaya. Kuma mutanen da suka ba ni ganyensu suna jiran in gaya musu abin da na gani."

Hajiya ta gyara mayafinta. Ba ta dube ni ba, bango ta duba, ta ce Malam ya riƙa leƙawa, Madina ta riƙa rubutu, in ta kama ta da ido a jikin ƙarfen nan za ta jefa shi rijiya.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan azahar

Ina ƙirgawa ina faɗa, tana ninkawa da goma sha shida a ka tana rubutawa. Wani lokaci idonta a rufe yake, biro yana tafiya. Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa tana gadi.

Mutane suna ta zuwa dubiya. Duk wanda ya tambaya sai in ce da sauƙi. Na faɗi da sauƙi yau har bakina ya gaji.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci

Tun asuba ɗakin a rufe, labule a sake. Ko ƙarar cokali ba ta so. Zulfa ta tambaye ni me ya sa Mama take kwana da rana. Na ce ta gaji.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan magariba

Saura gona ɗaya ba ta ɗauko ganyenta na bana ba, ta Malam Ɗantsoho, can wajen Kongolam. Ta ce in je. Ta ba ni man farce da salatif a leda, ta maimaita mini sau uku: ganye na uku daga sama, tsakiyarsa, bayansa ba cikinsa ba.

Na bi ta Mai'adua a babur, hanya cike da masu kora dabbobi kasuwa. Na sami tsohon a gona yana cire ciyawa da hannu. Da na ce ni mijin Malama ne sai ya miƙe ya goge hannu a riga ya ba ni. Ya nuna mini geron. Dogo ne, zangarniyarsa siririya, suna ce masa ɗan Dabo, sunan kakansa da ya zo da irin. A da duk gonar shi ake shukawa, yanzu 'ya'yansa sun mayar da shi lungu ɗaya sun cika sauran da sabon iri mai saurin nuna. Ya ce bai ga laifinsu ba, su suke ciyar da gida. Amma shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ɗan Dabo ne kawai ya tsaya da ƙafarsa a duk yankin.

Ya ce bara Malama ta zauna a nan ƙasa, a wannan gindin ƙirya, ta yi ta yi masa tambayoyi har la'asar tana rubutawa. Ya ce ma'aikatan gona da yawa sun zo sun gaya masa abubuwa, ita ce ta farko da ta zo ta tambaye shi.

Yana kallona ina shafa man farce a ganye, sai ya ce, "Malama fa, lafiya ba ta zo ba?"

Na ce da sauƙi.

Ya dube ni. Bai sake tambaya ba. Da zan tafi ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, ya ambaci sunanta. A hanya na tsaya gefen titi na ɗan jima kafin na iya ci gaba da tuƙi.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Mun fara gilasan ɗan Dabo. Na faɗi huɗu, na faɗi biyar, na faɗi huɗu. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, waɗanda suka hau kan layin akwatin, yaya kake yi da su?"

Na ce ina barinsu, tunda ba su shiga duka ba.

"A sauran gonakin fa?"

A sauran ina ƙirga na kan layin sama da na hagu, in bar na ƙasa da na dama, yadda ta koya mini. A na tsohon nan hannuna ya yi nauyi. Ina so su yi kaɗan.

Ta ce, "Ni ma ina so. Na fi ka so, shekara biyu nake so. Sake ƙirgawa."

Na sake. Shida, shida, bakwai, biyar, shida.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Mun gama ƙirga. Ta haɗa lissafin gaba ɗaya. Ɗan Dabo casa'in da wani abu a murabba'in milimita, sabon iri ma casa'in da wani abu. Ba bambancin da za a kafa hujja da shi.

Ta zauna da takardar a hannu har Hajiya ta tambaya ko jikin ne. Ta ce a'a. Sannan ta kira malamin da yake duba aikinta a jami'a, Dakta Sabiru, ta sa wayar a fili ina ji. Ta gaya masa abin da ta zata bai fito ba. Ya ce kada ta damu, a dakatar da komai sai ta warke, zai rubuta wa sashe. Ta yi godiya, ta ce ba dakatarwa ta kira nema ba, ta kira ne ta gaya masa za ta rubuta shi yadda ya fito. Ta ce amma tun bara ta lura kamar ƙofofin ɗan Dabo sun fi ƙanƙanta, tana so ta auna girmansu, ko kaɗan ne, kafin ranar.

Da ta kashe wayar na ce ba ki ji haushi ba? Ta ce ta ji, sosai. Ta ce in kawo mata ruwa.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Awo ya fi ƙirga wuya. Sai na jera ƙofa ɗaya da ɗan ma'aunin da ke cikin gilashin, in faɗi tsawo in faɗi faɗi. Talatin da ashirin. Ita kuma daga kan tabarma, ido a rufe, tsumma mai sanyi a goshi: murabba'in maikiromita ɗari shida, a milimita sifili, ɗigo, sifili uku, shida. Sai ta ce in maimaita. In na tsallake sifili ɗaya sai ta ɗaga yatsa ba ta buɗe ido ba.

Ko rabi ba mu yi ba. Ta ce ya isa, sauran ya jira. Ita da bakinta. Ban taɓa jin ta ce wani aiki ya jira ba, sai na rasa ko murna zan yi.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Ta yi wa Zulfa kitso, ƙanana, irin mai daɗewa. Ta wanke gilasan da ba a amfani da su ta jera. Ta nuna wa Hajiya inda maganin tarin Zulfa yake.

Ina ɗaure jaka a ɗaki ta shigo ta ce in tsaya a bakin taga inda haske yake. Na tsaya. Ta sa tafin hannu ta rufe idon dama, ta dube ni da ɗayan. Ta daɗe tana karkata kai tana nemana.

Na ce me kike gani?

Ta ce, "Kunnenka da gefen hularka. Ya isa."

Ta sauke hannun ta ce kada in manta da cajar waya.

Laraba, 27 ga Agusta, Kano, bayan magariba

Sun ba ta gado. Gobe da safe. Ta riga ta san sunan duk matan ɗakin da garuruwansu. Wata tsohuwa daga Gumel tana ta kuka, Madina ta koma gefen gadonta tana tambayarta irin geron da suke shukawa.

Alhamis, 28 ga Agusta, da azahar

Suna ciki.

Alhamis, bayan la'asar

Likita ya fito ya ce sun yi abin da suka ce za su yi, sun cire idon hagu. Na dama lafiya lau, ba abin da ya taɓa shi. Na ce Alhamdulillah. Na kira Hajiya na faɗa mata rabin farko da rabin ƙarshe, ta gane tsakiyar da kanta.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Da likita ya zo zagaye ta tambaye shi girman ƙarin da ke cikin idon. Ya dube ni, ta ce shi take tambaya ba mijinta ba. Ya ce milimita goma sha ɗaya a tsawo, tara a faɗi. Ta ce bai kai murabba'in santimita ɗaya ba ke nan. Ya ce haka ne. Ta tambaya ina za a kai shi. Ya ce ɗakin gwaji, za a yanka shi siriri a duba gefunansa a madubi, a auna ko ya tsallaka, sakamako sai bayan sati biyu ko uku.

Da ya wuce ta ce da ni, "Allah ya sa wanda zai duba ya san sifilinsa."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na fita baranda.

Alhamis, 4 ga Satumba, Daura, bayan isha'i

Muna gida. Zulfa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bandejin, ta ƙi matsowa. Madina ta tsuguna ta ce, "Zo ta wannan gefen, nan nake ganinki." Ta zo.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Ta ce ita za ta zuba shayi. Ta ɗaga buta, ruwan ya sauka a kan faranti, gefen kofi. Ta gyara, ya sauka ta ɗaya gefen. Hajiya ta miƙa hannu za ta karɓa, ta ce a bar ta. Ta sa yatsa ta taɓa bakin kofin, ta kawo bakin butar har ya taɓa yatsan, ta zuba. Kofi uku, haka.

Daga baya ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ta daɗe. Ni da Hajiya muka zauna muna jin ruwa yana zuba, ba wanda ya dubi wani.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan azahar

Ba waya daga Kano.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan magariba

Ta aike ni wajen Malam Ɗantsoho. Ta ce in gaya masa daidai, kada in ƙara gishiri: yawan ƙofofin ɗaya ne da na sabon iri, girman kuma kamar nasa sun fi ƙanana amma ba ta gama ba, ba za ta ce ta tabbatar ba. Na same su suna girbi, an jera dammuna. Na faɗa masa yadda ta ce. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to ai shi dama ba don takarda yake shuka shi ba, ko ta ce ba shi da amfani zai shuka. Amma ya ji daɗi da ba ta yi masa ƙarya don ya ji daɗi ba. Babban ɗansa Badaru yana tsaye yana ji, ya ce baɗi za su ƙara wa tsohon kunya goma, Malama ta sami ganyen da za ta ƙarasa.

Ya ɗaura mini dami guda a bayan babur. Ya ce a yi mata fura.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Sun kira. Ita ta ɗauka. Ina tsakar gida ina jin tana cewa to, to, na'am, milimita nawa tsakaninsa da gefen, to. Ta fito ta ce bai tsallaka ba. Za mu riƙa komawa duk bayan wata uku, ba su ce an gama ba, sun ce a yanzu dai ba su ga komai ba.

Hajiya ta yi sujada a nan kan siminti. Ni na zauna a bakin rijiya. Madina ta tsaya a tsakiyarmu ta ce yunwa take ji.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Yau ta koma aiki. Na ce ta ƙara sati, shugaban sashe ma ya ce ta ƙara wata, ta ce ɗaliban shekarar farko sun shigo, ba ta so wani ya fara musu. Ta sa baƙin tabarau, na kai ta a babur. A bakin ajin ta ce in tafi kada in makara. Na ce to. Na zagaya bayan ginin na tsaya gefen taga.

Ajin ya cika, har da na tsaye. Duk sun ji labari, an gani a yadda suka yi tsit da ta shigo. Ta yi sallama, ta ajiye jaka, ta ɗauki alli ta juya. Ta ɗaga hannu za ta rubuta, allin ya yi rubutu a iska, bai kai allon ba. Ta sake miƙawa, bai kai ba. Wata yarinya a layin gaba ta sunkuyar da kai.

Madina ta juyo ta ce, "Wa ya ja mini allo baya a hutun nan?"

Aka yi dariya, da farko a tsorace, sannan gaba ɗaya. Ta taka gaba, ta ɗora tafin hannun hagu a jikin allon, ta rubuta sunanta da na darasin kusa da yatsunta, layin a miƙe. Ta ce kowa ya fita ya tsinko ganye ɗaya, ko na menene, ya dawo kafin ta ƙirga hamsin. Suka fito a guje suna ture juna, na matsa jikin bango don kada ta gan ni.

Na rasa darasina na farko. Shugaban makarantarmu ya tare ni a ƙofa ya tambayi dalili. Na ce na tsaya kallon matata tana koyarwa.